Jirgin Nishaɗi a Zanzibar, Jirgin Fito a Kebbe

Duk mai bibiyar abin da likitoci da ma'aikatan banki da matasan 'yan kasuwar Arewa ke sakawa a Instagram bayan hutun ƙarshen shekara ya san wannan hoton. Farin jirgi ne mai gindi biyu, tsaye bisa ruwa shuɗi garau wanda ake hango yashin ƙarƙashinsa. Maigida na sanye da tabarau na roba, da bututu a baki, uwargida da yara na zaune a gaban jirgin suna dariya. Wani lokaci Morishus ce, wani lokaci tsibiran Maldibs, amma galibi Zanzibar ce. Ba abin mamaki ba ne, domin mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ana jin kiran salla daga masauki, kuma Bahaushe ba ya fargabar abin da za a zuba masa a faranti.

Yadda yinin yake tafiya ba shi da wuyar bayani. Iyali ko abokai sukan ɗauki shatar jirgin su kaɗai, ba tare da wani baƙo ba, a kan ɗaruruwan daloli. Da safe a tashi daga Nungwi ko Kendwa, a arewacin tsibirin Unguja, a nufi kewayen ɗan tsibirin Mnemba. A can ake tsayawa, kowa ya ɗaura tabarau, ya kama bututun numfashi da haƙora, ya kwanta rub da ciki a saman ruwa yana kallon ƙasa. Ba nutso ba ne, ba a kuma goya tukunyar iska. Bakin bututun yana sama, mutum yana numfashi kamar yana kwance a tabarma. Abin da ake kallo kifaye ne masu launi iri-iri da kuma murjani. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan suna, a wuyan amarya da kuma cikin Suratur Rahman, amma kaɗan ne suka san cewa murjani halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne da ke gina wa kansu gida na dutse a ƙarƙashin teku, kuma ɗumamar ruwa kaɗan ta isa ta sa su yi fari su mutu.

Shi jirgin, katamaran ake ce masa, kuma sunan ba na Turawa ba ne. Daga harshen Tamil na kudancin Indiya ya fito, inda yake nufin itatuwan da aka ɗaure wuri ɗaya. Masunta matalauta ne suka ƙirƙiro dabarar tun kafin attajirai su mayar da ita abin shaƙatawa. Hikimar kuwa a fili take: jirgi mai gindi ɗaya, siriri, da zarar nauyi ya karkata gefe sai ya bi shi, amma idan gindi biyu ne da tazara a tsakaninsu, kafin ɗaya ya nutse dole ɗayan ya ɗaga sama da dukkan nauyinsa, abin da ba ya faruwa cikin sauƙi. Ga shi kuma ba ya shiga ruwa da zurfi, don haka yana iya matsawa kusa da gaɓa.

Sai dai wanda ya biya kuɗin shatar nan, in ya natsu ya duba, zai ga ba ruwa ya saya ba, ba kuma kifi ba. Tsari ya saya. A wurin kamfanin da ya san aikinsa, an rubuta sunan kowa kafin a tashi, an san adadin da jirgin ke ɗauka kuma ba a ƙara ko jariri a kai, an duba yanayin iska tun da asuba, akwai rigar kariya daidai jikin babba da yaro, akwai ma'aikaci a cikin ruwa wanda aikinsa kawai ya ƙirga kawuna. Tun daga watan Oktoban 2024 ma, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshora ta dala 44 kafin ya shiga. A canjin 2025 wannan ya haura naira dubu 60, wato ya kusa kamo mafi ƙarancin albashin wata guda a Najeriya, wanda yake naira dubu 70. An biya, ba a yi gardama ba, domin kowa ya yarda ransa da na 'ya'yansa sun fi haka.

Daga nan ne ya kamata a waiwayo gida.

Tambuwal tana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, gari mai tarihi tun zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, wanda ya zauna a can yana tsare wannan gefe na Daula. Kebbe kuwa, wadda baƙi kan rikita da jihar Kebbi, ita ce ƙaramar hukumar da ta zura can kudu tsakanin Zamfara da Kebbi, kuma su biyun kujera ɗaya suke rabawa a Majalisar Wakilai. Gulbin Zamfara, bayan ya baro Anka da Gummi, ta wannan yanki yake ratsawa ya nufi Jega kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Da rani yakan janye har yaro ya tsallaka wasu wuraren da ƙafa. Da damina kuwa, musamman daga Agusta zuwa Satumba, yakan cika ya malale fadama, sai gida ya koma wannan gaɓa, gona ko kasuwa ko asibiti su koma waccan. A irin wannan lokaci ba wanda ke shiga kwale-kwale don sha'awa. Ana shiga ne domin shinkafa ba ta jira, naƙuda ba ta jira, tukunya kuma ba ta dahuwa ba itace.

Abin da wannan dole ke haifarwa a rubuce yake, kuma a maƙwabta na kusa ya faru. A watan Afrilun 2022, a Gidan Magana da ke ƙaramar hukumar Shagari, mai iyaka da Tambuwal, kwale-kwale ya kife da mutum 35, aka tsamo gawa 29, mafi yawansu yara da matasa. Shekara ɗaya bayan haka, a Mayun 2023, a Dandeji, cikin Shagarin dai, yara 15 suka rasu a hanyarsu ta zuwa neman itacen girki. A Satumban 2024, a Gummi, mai iyaka da Kebbe, jirgi ɗauke da manoma kimanin 70 ya kife suna kan hanyar gona, fiye da 40 suka halaka. A Agustan 2025 aka sake jin irin wannan labari daga Goronyo, inda jirgi mai ɗauke da sama da mutum 50 ya kife a hanyar kasuwa. Wanda ya fi su duka muni shi ne na Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, a Mayun 2021, inda jirgi ɗaya ya ɗauko fiye da mutum 150 ya tarwatse a tsakiyar Kwara.

Labarin kusan iri ɗaya ne kowane lokaci. Jirgin katako ne da ya tsufa, an lafta masa mutane da buhuna, wani lokaci har da babur, har ruwa ya kusa taɓa bakinsa. Igiyar ruwa ta bugo, ko gindin ya daki kututture, wasu suka firgita suka miƙe tsaye, nauyi ya koma gefe ɗaya. Ba mai rigar kariya, ba wanda ya rubuta sunan kowa, shi ya sa kwana uku bayan haɗarin ana ta saɓani kan adadin da aka rasa, sai an bi gida-gida ana tambayar wa bai dawo ba. Mai fito ba mugu ba ne. Sau da yawa 'yan'uwansa ne a cikin jirgin. Lissafi ne ya ɗaure shi: kuɗin fito kaɗan ne, mai ya yi tsada, jirgin ɗaya ne tak, kuma wanda aka bari a gaɓa maƙwabci ne da za a haɗu da shi a masallaci.

To, a irin wannan hali ne wata shawara kan taso a zaurukan 'yan boko, musamman daga bakin waɗanda suka dawo daga hutu ido ya buɗe. Ai mu ma muna da ruwa, in ji su. Ga tafkin Romo a ƙasar Tambuwal, wanda aka san shi da bikin kamun kifi; ga Argungu nan kusa. Me zai hana a sayo jiragen shaƙatawa na zamani, a gina masauki a bakin ruwa, baƙi su zo, kuɗi ya shigo, sannan daga ribar a gyara sufurin talakawa? Shawarar tana da daɗin ji, kuma masu ita ba su da mugun nufi. Amma riga malam masallaci ce, kuma Zanzibar ɗin da ake kafa hujja da ita, ita ce ta fi kowa rushe ta.

A daren 10 ga Satumban 2011, jirgin fasinja mai suna Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, ba nesa da Nungwin da ake tashi yawon kallon murjani ba. Jirgi ne da bai kamata ya ɗauki mutum 700 ba, aka cusa masa fiye da 2,000. Binciken gwamnati ya nuna waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓace sun haura 1,500. Ba a cika shekara ba, a Yulin 2012, wani jirgin mai suna Skagit ya sake nutsewa da mutane a hanyarsa daga Darussalam. A wancan lokacin otal-otal sun riga sun cika gaɓar tekun, Turawa na ta zuwa, daloli na shigowa. Arzikin baƙi bai gangaro da kansa ya zama tsaron 'yan gida ba. Ruwa ɗaya ne, amma doka biyu ke aiki a kansa: ta mai biyan dala da ta mai biyan shilin. Gyaran da aka samu daga baya, hukuma ce ta tilasta shi bayan an binne mutane.

Shi kansa Mnemba darasi ne. Tsibirin yana hannun wani otal mai zaman kansa, kuma wanda ba baƙon otal ɗin ba ne ba ya taka yashinsa, ko da kakanninsa a kewayen suka yi su. Duk wanda ke mafarkin kafa irin wannan a Romo ya kamata ya fara amsa wata tambaya a gaban masuntan wurin: in aka killace gaɓar da ta fi kyau domin baƙi, ina mai koma zai jefa komarsa, ina kuma makiyayi zai shayar?

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya sayowa. Ruwan fadamar Sakkwato ba garau yake ba. Laka da yashin da yake kwasowa ne suka sa ƙasar ke ba da shinkafa da albasa, su ne kuma suka sa mai tabarau ba zai ga tafin hannunsa ba a ciki. Ga tsargiya, cutar da ake ɗauka ta fata a ruwan da ba ya gudu, wadda ƙananan dodon koɗi ke ɗauke da ƙwayarta, kuma sananniya ce a garuruwan bakin ruwa na Arewa. Ga matsalar tsaro, wadda ba ta bar ƙauyukan Kebbe ba. Ba baƙon da zai kawo iyalinsa inda mai gida kansa ke kwana da ido ɗaya.

Wannan ba ya nufin yankin ba shi da abin nunawa. Yana da shi, sai dai ba a ƙarƙashin ruwa yake ba, a jikin mutane yake. Sarkawa, masuntan da asalinsu ke ƙasar Kabi, sun bazu har can ƙasan Kwara saboda ƙwarewa. Basarke yakan nutse ba tabarau ba bututu, a ruwan da ba a gani, ya lalubo kifi a rami da hannu. Yakan kwanta bisa gora ya yi ta yawo a kan gulbi, goran na zaman jirginsa, kuma ma'ajiyar kifinsa. A Argungu, inda bikin ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, wasannin kabanci, wato tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa, sun isa su sa duk wani mai koyar da iyo a otal ya sara. Abin takaici shi ne, wannan ilimi ana tunawa da shi ne sau biyu kawai: ranar biki, da ranar da ake neman wanda zai tsamo gawa. Kusan kowane rahoton haɗari yakan ƙare da cewa masu ninƙaya na gari ne suka yi aikin ceto, kuma ba kasafai ake jin an ɗauke su aiki ba.

Saboda haka abin da ya cancanci a kwaso daga Zanzibar ba jirgin ba ne, tsarin nan ne da mai hutu ya biya ba tare da ya lura ba. Kuma mafi yawansa ba ya buƙatar dala. Layin fenti a jikin kwale-kwale, wanda in ruwa ya taɓa shi an daina lodi, kuɗinsa bai kai na buhun siminti ba. Littafi a kowace mashiga, da mutum ɗaya da ke rubuta adadin masu shiga, bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Amma layi da littafi ba za su yi aiki ba sai akwai mai ikon cewa a'a, kuma mai fito ba zai iya ba, saboda dalilin da aka ambata. Wanda zai iya shi ne Sarkin Ruwa, wanda al'ada ta riga ta ba shi wannan hurumi. Abin da ya rasa shi ne albashi, da goyon bayan hakimi da hukuma a ranar da ya hana ɗan wani babba shiga. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, tana da dokokin hana lodi fiye da kima da tafiyar dare, amma ba ta da idon da zai kai kowace mashiga a Gulbin Zamfara, kuma ba za ta taɓa samu ba. Sarakunan ruwa suna can tun kafin a haife ta.

Ita kanta dabarar gindi biyu ana iya dawo da ita ga talakawan da suka ƙirƙiro ta. Kwale-kwale biyu da aka haɗa da katakai aka shimfiɗa musu daɓe sun fi guda ɗaya tsayuwa nesa ba kusa ba, kuma kafintan jirgi na gida zai iya ƙera su. Ba ko'ina za su yi ba: sun fi nauyin tuƙi, ba sa ratsa ƙunci ko ciyawa, kuma inda ruwa ke da ƙarfi sai da inji ko igiyar da aka ɗaure daga gaɓa zuwa gaɓa. Amma a mashiga mai faɗi wadda ake tsallakawa kai tsaye, inda ake loda babura da buhuna ranar kasuwa, gwaji ne da ya fi sayo jirgi ɗaya mai tsada wanda in injinsa ya lalace babu mai gyara shi sai an je Legas.

Rigar kariya kuwa, an sha raba ta. Ma'aikatar kula da harkokin teku da aka kafa a 2023 ta yi rabo a jihohi, gwamnatocin jihohi ma sukan yi bayan kowane haɗari, a gaban kyamara. Rabon ba laifi ba ne, amma riga ba ta ceton wanda bai sa ta ba. Wadda aka ba mutum ya kai gida takan ƙare a matsayin matashin kai; wadda ke rataye a mashiga, a sa a shiga, a cire a fita, ita ce ke aiki. Kuma galibin abin da ake rabawa na manya ne, alhali Gidan Magana da Dandeji sun nuna su wa ruwa ke ci.

A nan ne Zanzibar ke da darasi na biyu, wanda mai hutu ba ya gani daga kan jirgi. A Nungwi akwai wata ƙungiya mai suna Panje Project da ke koya wa yara iyo, har da 'yan mata, waɗanda a da al'ada ba ta barin su shiga ruwa. Ba ta yi faɗa da al'adar ba. Ta samo musu kayan iyo masu rufe jiki duka, ta horar da mata su koyar da mata, kuma da jarkokin roba marasa komai a ciki ake fara koya musu yadda za su tsaya a saman ruwa. Jarka a can, gora a nan. Yarinyar da ake aika ta tsallaka gulbi neman itace, amma aka ce bai dace ta koyi iyo ba, an ɗora mata haɗarin, an kuma hana ta makamin. Ba sai ta zama gwana ba. Ta iya kwanciya rigingine a kan ruwa na 'yan mintuna ba tare da firgita ba, har mai ceto ya iso. Koyarwar kuma dole a haɗa ta da maganin tsargiya da ake rabawa a makarantu, a kuma zaɓi wurin da ma'aikatan lafiya suka amince da shi.

Za a ce ajali ne, kuma ba Musulmin da ke musun ajali. Sai dai malamai sun daɗe suna bayanin cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma mutumin da ya duba rigar ɗansa sau biyu a Mnemba ya riga ya nuna ya fahimci wannan. Ba daidai ba ne fahimtar ta tsaya a filin jirgin sama, a ce a can sakaci ne, a nan ƙaddara. Za a kuma ce gada ce maganin, kuma gaskiya ne a manyan mashigai. Amma gada aikin biliyoyin naira ne da shekaru, fadama kuma tana sauya hanya, ba za a gina wa kowane ƙauye tasa ba. Yaran da za su tsallaka a damina mai zuwa ba za su jira a ba da kwangila ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan dubu 300 ne ruwa ya ci a 2021, kuma a Afirka abin ya fi tsanani idan aka auna da yawan jama'a. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa. A Tambuwal da Kebbe wannan rana tana zuwa ne lokacin da gulbi ya riga ya fara cika, wato lokacin da aka makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin na rani ne, tsakanin Fabrairu da Mayu, sa'ad da jirage ke kife a kan yashi ana iya duba gindinsu, ruwa kuma ya yi ƙasa yadda yaro zai koyi iyo ƙafarsa na taɓa ƙasa.

'Yan asalin yankin da ke aiki a Abuja da Kaduna da Legas suna da ƙungiyoyin ci gaban gari, suna da zaurukan WhatsApp da ake tara kuɗin gyaran masallaci da na jinya cikin kwana biyu, wasunsu kuma waya ɗaya ce tsakaninsu da shugaban ƙaramar hukuma. Kuɗin shatar katamaran na yini ɗaya zai sayi rigunan yara na mashiga guda, ya kuma biya Basarke biyu ladan koyarwa na tsawon rani. Abin da za a fara da shi ma ba kuɗi ba ne, ƙidaya ce: mashiga nawa ce a ƙananan hukumomin biyu, jirgi nawa ke aiki a kowace, wane ne Sarkin Ruwanta, wace rana ta fi cunkoso. Matasa biyu da babur da littafi za su gama wannan cikin 'yan makonni, in dagatai sun ba su haɗin kai, kuma mashigar da ya kamata su fara rubutawa ita ce wadda 'yan mata ke bi zuwa itace.